Funtuwa: Tarihin Garin Auduga a Katsina Laka

Funtuwa gari ne a ƙarshen kudancin Jihar Katsina, hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, kuma mazaunin Sarkin Maskan Katsina, hakimin ƙasar. Ita ake lissafawa ta biyu a girma a jihar, bayan birnin Katsina. Amma shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce ƙauye ce cikin ƙauyukan ƙasar Maska, sunanta ba ya cikin jerin manyan garuruwan Katsina masu ganuwa da fada. Garuruwan ƙasar Hausa da yawa sarauta ce ta kafa su, wasu malanta, wasu yaƙi. Funtuwa kuwa ƙasar noma ce ta ɗaga ta, da auduga, da titin jirgi.

Ƙasa da ruwa

Garin yana kan tudu, kusan mita 700 sama da teku, da duwatsu jefi-jefi a kewaye. Daga nan zuwa Zariya kimanin kilomita 75 ne, zuwa birnin Katsina kuwa wajen 200. Wannan tazara ta sa hulɗar yau da kullum ta mutanen garin, ta asibiti da karatu da sarin kaya, ta fi karkata Zariya da Kano, ko da yake sarauta da mulki na Katsina ne. Ƙaramar hukumar tana da faɗin murabba'in kilomita 448. Tana iyaka da Bakori da Danja da Faskari da Dandume, sannan da Giwa ta Jihar Kaduna daga kudu. Manyan hanyoyi uku ne suka haɗu a cikinta: wadda ta taso daga Zariya ta wuce Gusau da Sakkwato, da wadda ta bi Bakori da Malumfashi ta nufi Yashe, da wadda ta yi Dandume da Birnin Gwari.

Tudun nan mararrabar ruwa ce. Gulbin Sakkwato a kusa da Funtuwa yake tasowa, ɗan rafi da yaro zai tsallake da rani, ya gangara ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya ƙare a Kwara. Wasu ƙoramun kuma kudu suke nufa su faɗa Kogin Kaduna. Garin kansa ba ya bakin wani babban kogi, shi ya sa ruwan shansa ya dogara da madatsu irin na Mairuwa da Gwaigwaye.

Abin da ya bambanta wannan yanki da arewacin Katsina shi ne ƙasar kanta. A can jigawa ce, rairayi mai sauƙin noma da saurin shanye ruwa, ƙasar gero da gyaɗa da wake. A nan laka ce mai nauyi da danƙo, wadda take riƙe ruwa, take kama ƙafa da marka, take ƙeƙashewa da rani har sai garma ta yi da gaske. Daga nan ne mutanen da can suka raɗa wa kudancin ƙasar suna Katsina Laka. Ruwan sama yakan kai milimita 1,000 a shekara ko ya ɗara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, alhali birnin Katsina ba ya samun kusa da haka. Dawa ce tsohuwar uwar rumbu, kaura da farfara, sai auduga da ake bari a gona har sanyin hunturu ya shigo. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka su ne itatuwan da manomi yake ƙyalewa in ya yi sassabe. A fadamu kuma ana rake da shinkafa da tumatir da barkono, musamman wajen Danja, wadda mazarƙwailarta da tumatirinta suka yi suna.

Maska kafin Funtuwa

Wanda yake neman asalin Funtuwa sai ya fara da Maska, tsohon gari mai ganuwa da yake kudu da ita, wajen iyakar Zazzau. Tun kafin jihadi Maska tana cikin manyan garuruwan Katsina Laka, tare da Gozaki ta ƙasar Kafur ta yanzu da Birnin Kogo ta wajen Faskari. Kowannensu yana da sarkinsa da ƙauyukansa, suna bin Sarkin Katsina. Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya ba wannan yanki muhimmanci saboda arzikinsa. Arzikin kuwa na auduga ne da abin da ake yi da ita. Mata suna gurza da kaɗi, maza suna saƙa, marina suna rini da baba, fatake suna ɗaukar ƙyalle su kai kasuwanni masu nisa. Wato tun kafin Bature ya san hanyar nan, audugar laka tana da masu saye, tana da masu sarrafa ta a gida.

Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, mulki ya koma hannun Ummarun Dallaje da zuriyarsa, aka sake fasalin sarautun kudu. Gidan Galadima Dudi ya samu ƙasar da Malumfashi ta zama cibiyarta, kuma har yau Galadiman Katsina ne hakimin Malumfashi. Maska ta ci gaba da riƙe sarautarta. Sai dai ƙarni na 19 bai yi wa yankin daɗi ba. Katsinawan da jihadi ya kora suka koma Maraɗi ba su daina kawo hari ba, daga baya kuma mahayan Kwantagora suka addabi ƙasashen kudu maso yamma da kamun bayi. Mutane suka takure cikin garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, gonaki masu kyau suka koma daji. Wannan ne ya sa lokacin da Turawa suka shiga Katsina a 1903, suka tarar da ƙasa mai ruwa da albarka amma mutanenta ba su kai yawan da za ta iya ɗauka ba.

Auduga da jirgi

A Ingila akwai masaƙu a yankin Lankasha waɗanda rayuwarsu ta rataya ga audugar Amurka. Sun ɗanɗana kuɗarsu a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lokacin da auduga ta yanke masu, ma'aikata suka zauna ba aiki. Don kada haka ta sake faruwa, masu masaƙun suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila take mulka, a birnin Manchesta a 1902. Ita ce BCGA. Idonta yana kan Arewacin Nijeriya tun daga farko, kuma tana cikin waɗanda suka matsa a kai jirgin ƙasa Kano, inda titin ya isa a 1911.

Lissafin nasu bai fito yadda suka so ba. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Audugar da ake nomawa kuma masaƙan gida suna saye da kuɗin da ya fi na Bature, don haka ba ta kai wa sikelinsa. Hukuma ta bi ta wasu hanyoyi. Aka shigo da irin Amurka mai dogon zare da ake kira Alan, wajen 1912, aka riƙa raba angurya ta hannun hakimai da dagatai. Aka kafa fuloti, wato wuraren da doka ta yarda a sayar da auduga, da malaman da suke duba ta su ba ta lamba. Sama da duka akwai haraji, wanda dole a biya shi da kuɗin Bature. Talaka ya rasa inda zai samo sulallan sai ta abin da kamfani yake saye. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, wannan tsari ya kafu sosai, kuma ƙasar da ta fi karɓar auduga ita ce arewacin Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau. A shekarun 1920 aka buɗe gonar gwaji da yawaita iri a Daudawa ta ƙasar Faskari, aka kafa injinan gurza a yankin, ciki har da na Funtuwa da na Malumfashi.

Abin da ya rage shi ne hanyar fitar da kaya. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshen titin jirgi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Titin bai bi ta Maska ba. Nan ne alƙiblar ƙasar ta juya. Inda tasha take, nan kantunan kamfanoni suke, nan sikeli yake, nan 'yan dako da akawuna da masu sayar da abinci suke taruwa. Mazaunin hakimi ya tashi daga Maska ya dawo Funtuwa a zamanin Turawa, ya zo da sunan sarautarsa. Shi ya sa har gobe hakimin Funtuwa ake ce masa Sarkin Maska, ita kuwa Maska ta zama ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar da tsohon ƙauyenta yake shugabanta. Irin wannan ya faru a filayen alkama na Amurka da Kanada, inda kamfanin jirgi yake aza tasha a fili, gari ya tsiro a gefenta, tsohon matsuguni da titi ya kauce wa ya tsuke. Bambancin shi ne a nan ba fili aka tarar ba. An tarar da masarauta mai tarihi da sana'a, kuma sana'ar ce ta fi shan wahala, domin audugar da da ake kaɗawa a saƙa a Maska sai aka koma ɗaure ta a loda a tarago, ta dawo daga Ingila a matsayin akoko da atamfa.

A wancan zamani kakar auduga ita ce lokacin da garin yake cika ya batse. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu jakuna da amalanke, daga baya manyan motoci, suna ta sauke kaya. A wannan lokaci ake biyan haraji da bashi, a yi aure, a sayi keke ko rediyo, a sa wa ɗaki kwano. Har yanzu akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan BCGA, ko da yake yaran da aka haifa a cikinta da yawa ba su ga zamanin kamfanin ba. Matsayin garin a wannan harka ya kai ga cewa da gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin cinikin amfanin gona a 1977, ta ba Ibadan ta koko, ta ba Kano ta gyaɗa, ta ajiye hedikwatar ta auduga a Funtuwa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka kafa masaƙar Funtua Textiles.

Mutanen garin

Funtuwa garin baƙi ce, kuma 'ya'yanta ba sa jin kunyar faɗin haka. In ka bi salsalar gidaje da yawa, kaka ko kakan kaka ya zo ne daga wani wuri: daga arewacin Katsina da Daura inda gona ta yi kaɗan, daga ƙasar Kano, daga Zazzau, daga Zamfara da Sakkwato, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Wani ya zo cirani ne ya ga ƙasa ya nemi dagaci ya yanka masa daji. Wani ƙwadagon tsinkar auduga ya kawo shi. Jirgi ya kawo Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen kudancin Kaduna, ma'aikatan reluwe da direbobi da makanikai da masu shaguna. A karkara akwai Fulani makiyaya da suka daɗe da zama, akwai kuma Maguzawa, musamman ta wajen Malumfashi da Kafur, manoma na gaske masu manyan gidajen gandu, waɗanda yawancinsu yanzu sun musulunta ko sun shiga addinin Kirista. Masanin tarihin nan Murray Last, marubucin littafin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa na ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970 yana nazarin rayuwarsu da maganinsu.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Funtuwa mutum kimanin 225,000, wato wajen mutum 500 a kowane murabba'in kilomita, ta ba Malumfashi kimanin 183,000, a jihar da aka ƙidaya mutum miliyan 5.8. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, amma wanda ya san iyakar garin a wancan lokaci ya ga inda gine-gine suka kai yau a hanyar Zariya da ta Sakkwato da ta Katsina, ya san an ninka. Mazaɓun ƙaramar hukumar su ne Dandutse da Dukke da Goya da Jabiri da Maigamji da Maƙera da Maska da Nasarawa da Tudun Iya da Unguwar Ibrahim da Unguwar Musa. An kafa ƙaramar hukumar a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin tana cikin Jihar Kaduna, kuma tana da faɗi ƙwarai. Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina ran 23 ga Satumba, 1987, aka yi ta yankar ƙananan hukumomi daga jikinta: Bakori, Faskari, Danja, Dandume, Sabuwa. A siyasa sunanta ake kiran shiyyar sanatan Katsina ta Kudu da shi, mai ƙananan hukumomi 11, wadda masu neman sabuwar jiha suke kira Karaduwa.

Gari mai kuɗin kaka da direbobi da 'yan kasuwa ba ya rasa makaɗa. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, ya yi zama a Bakori sannan ya kafa gida a Funtuwa, kuma sunansa ya haɗu da na garin har rasuwarsa a 1999. Cikin sanannun 'ya'yan garin akwai Malam Isma'ila Isa Funtuwa, ɗan kasuwa, mai jarida, minista a Jamhuriya ta Biyu, wanda ya rasu a 2020.

Zuwan masara

Canji na biyu mafi girma a tarihin yankin ya zo a 1975. A shekarar aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Aikin ya shafi ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 7,000, daga Funtuwa da Bakori da Faskari har Malumfashi da Ƙanƙara, ya ɗauki shekara biyar. Aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, aka gina cibiyoyin sayar da taki da iri da maganin feshi, aka baza malaman gona. Masu tsara aikin sun sa rai da auduga da dawa. Abin da ya fi kama ƙasa shi ne masara. Da can masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta kafin sabon hatsi ya shigo. Da takin zamani mai rahusa ya samu, aka ga yadda laka take amsa shi, sai ta fita fili ta zama amfanin sayarwa, tuwonta kuma ya shiga gidajen da da ba su san wani tuwo ba sai na dawa.

An soki aikin, kuma sukar tana da tushe. Malamai a Jami'ar Ahmadu Bello da wasu masu bincike sun nuna cewa manyan manoma da 'yan kasuwa da masu sarauta ne suka fi kwasar taki da bashi da hayar tarakta, ƙaramin manomi ya samu saura. Gona ta yi daraja, masu kuɗin birni suka fara saye. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta yadda 'yan kasuwar ƙauye suke tara dukiya ta cinikin hatsi da auduga, da yadda nauyin iyali da na dangi da na barori yake raba dukiyar tun ba ta taru a hannu ɗaya ba. Littafinsa ya fito a 2014. Duk da sukar, tsarin Funtuwa ne aka kwafa aka yaɗa a jihohin Nijeriya, kuma hanyoyin da aka fasa a lokacin su ne suka haɗa ƙauyuka da kasuwannin hatsi na Dandume da Bakori da Funtuwa, inda manyan motoci suke lodi zuwa Legas da gabashin ƙasar da Nijar.

Ita kuwa auduga tun daga nan take ja da baya. An rushe hukumarta a 1986 tare da sauran hukumomin ciniki, ba a bar wani tsayayye da zai kula da ingancin iri da farashi ba. Iri ya cakuɗe, amfanin kadada ya ragu. Manyan masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararar atamfar waje, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Manomi ba ya noma don tarihi. Da ya ga masara da waken suya da shinkafa sun fi biya, can ya koma. Injinan gurza da yawa a yankin yanzu 'yan watanni suke aiki a shekara, wasu sun yi shiru gaba ɗaya, jirgin da ya haifi garin ma ya daɗe da daina zirga-zirga a wannan reshe.

Halin da ake ciki

Abin da ya fi damun yankin a shekarun nan shi ne tsaro. 'Yan bindigar daji sun addabi Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, suka taɓa ƙauyukan Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnati ta kai ga katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Funtuwa, ta kuma taƙaita cinikin dabbobi a kasuwannin mako. Akwai ƙauyukan da manomi ba ya zuwa gonarsa ta nesa, akwai inda sai an biya kafin a girbe. Iyalai da yawa sun baro gidajensu sun cunkushe a gefen gari, masu rumbu jiya sun koma masu awo da tiya. Mai karanta tarihin nan zai ga kamar ƙarni na 19 ne yake neman dawowa, lokacin da tsoro ya tattara mutane cikin ganuwa ya bar laka ga daji. Abin yana da ciwo, domin zaman lafiyar shekara ɗari ne ya cika ƙasar nan da mutane da gonaki.

A 2024 an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda ake fatan ta riƙa karɓar kaya da fitar da su kai tsaye zuwa ƙasashen waje. Wurin ya dace da ita, tun da hanyoyin Sakkwato da Zamfara da Katsina duk nan suke ratsawa. Amma tasha kaya take ci, kayan Funtuwa kuwa daga gonakin Maska da Dukke da Goya da Daudawa da Marmara suke fitowa. Hukumomin jiha da na tarayya su fara da tsare manomi a gonarsa, su gyara titin jirgin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, su dawo da ingantaccen irin auduga hannun masu nomanta. Masu ilimin garin kuma su tashi su rubuta tarihin Maska daga bakin dattawanta tun suna raye.